Ganyen da Auta Ya Ci a Ɓoye

Ranar kasuwar Cadawa da ta wuce jikata ta ja ni muka je, wai in ga gari, in rage zaman ɗaki. Muna zaune bakin titi muna jiran motar komawa sai ga wata doguwar mota baƙa ta tsaya, gilashi ya sauka, wani mutum mai tumbi ya leƙo yana kiran yarinya mai tallan kwaɗon zogale. Ya sayi leda-leda, yana ja mata kunne kada ta zuba mai da yawa, wai likita ne ya ce. Nan a gaban mutane, da rana tsaka, ya kwance leda ɗaya ya sa hannu ya fara ci, direbansa na kallo. Jikata ta yi ta dariya. Ni ban yi ba. Ashe ganye ya yi daraja. Ashe akwai ranar da mai babbar riga zai ci ganye a bainar jama'a, ba mai cewa ya talauce. To me ya hana ranar nan ta zo da wuri, lokacin da ƙanena yake da rai?

Mu a wani ɗan ƙauye muka tashi kudu da Gazawa, inda kakanninmu suka sauka da suka tsallako daga kudu. Turmi ke tashe mu da safe. Kafin rana ta ɗago gidan nan ya ɗauka, wancan ya amsa, har garin duka ya zama ƙara ɗaya, mata suna lugude, suna wurga taɓarya sama su tafa hannu kafin ta dawo. In aka ji turmin wata shiru sai a aika a dubo ko lafiya. Yanzu injin niƙa ne ke tari a bakin kasuwa, yarinya ta kai kwano ta tsaya tana danna waya, ta karɓo gari mai zafi yana warin ƙarfe. Innarmu ba ta yarda a yi wa gero surfe har ya yi fari tas. Takan tsaya a kaina ta ce, "Ke, ya isa haka. Kin tuɓe mishi riga, za ki tuɓe mishi hwata kuma? Mi za ki bar ma cikinku?" Ba wani ilimi ne ya sa take faɗa ba, tsoron ƙarewar rumbu ne, amma tuwon nan mai duhu shi ya gina mu. Da hantsi fura ce, da nonon Fulanin da ke sauka a gonarmu bayan girbi, su ba mu nono mu ba su hatsi. Sukari kuwa sai mu shekara ba mu sa shi a ido ba, in ba wani ya dawo daga fatauci ya ba mu ƙwaya ɗaya muna lasa bi da bi ba.

Ganye kuma yawancinsa ba shuka shi ake yi ba. Ruwa na sauka sai tafasa ta rufe bayan danga, lalo da gasaya su cika gefen hanya, yaɗiya ta hau kan ƙaya, rama da yakuwa suna iyakar gona, zogale na bayan ɗaki inda ruwan wanka ke bi. Mu 'yan mata aikinmu ne tsinka in an taso daga gona. A dafa, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da barkono da ɗan gishiri, a zauna kan tabarma ana ci har a lashe ƙwarya. Saura a shanya a kan rufin ɗaki a ɗura a tulu don rani. Wake ba ya yanke mana, yau ɗanwake, gobe wasa-wasa, jibi a cikin miya. In muka shiga daji itace ba ma komawa da yunwa, ga aduwa, ga magarya, ga kanya, ga ɗinya mai baƙanta baki, ga goruba da muke gaigaya har haƙora su yi tsami. Kakanmu da ƙafarsa yake zuwa gona har damanar da ya rasu, haƙoransa cike da baki. Ban taɓa jin an ce ciwon sukari ba, ban taɓa jin hawan jini ba. Wataƙila akwai su ba mu san sunansu ba, amma dai ba a yanke wa kowa ƙafa ba a garinmu.

Kada wani ya ce tsohuwa na yabon da ne don ta manta. Ban manta ba. Ƙyanda ta kwashi yara, zazzaɓi ya kwasa, Inna ta binne 'ya'ya kafin mu da kuma tsakaninmu. Mun kuma ga shekarar da ruwa ya ɗauke gero na ƙunshe da ciki, gonaki suka bushe a tsaye. Lokacin ƙanena, autanmu, bai daɗe da yaye ba, ni ke goyonsa. Auta muke ce masa, har ya yi gemu ban kira shi da wani suna ba. A shekarar nan ganyen da muke ci don daɗi ya zama shi ne abinci duka. Tafasa da safe, tafasa da yamma, babu ƙuli-ƙuli, babu gishiri, wata rana a yayyafa dusa. Ina jin haƙarƙarinsa na gugar bayana in na goya shi, ba ya ko iya kuka da ƙarfi. Ya rayu, amma abin bai fita ransa ba. Ko bayan da aka koma ƙoshi, in Inna ta ajiye kwaɗo sai ya kau da kai. Yana ɗan yaro da kwalin lakol, wato makarantar boko, a hammata ya taɓa ce mini, "Yaya, in na girma, wallahi ganye sai dai akuyata ta ci." Muka yi dariya, muka ɗauka surutun yara ne.

Bai yi nisa a lakol ba, amma yana da kai da baki. Ya shiga awon aya da wake, ya saya a ƙauyuka ya tsallaka da su kudu, ya dawo da atamfa da kalanzir. Ya yi gida a Agiye, Allah ya sa ni ma can aka kai ni aure, gidanmu da nasa ba nisa. Ya auri yarinya mai hankali, mai hannun girki, wadda har yau ba ni da abin zarginta da shi. Har lokacin nan siriri ne, mai yawan tafiya, kekensa ya san duk wata hanyar rairayi da ke tsakanin Agiye da Gazawa.

Sai aka wayi gari rediyo na cewa soja za su sauka, an yi babban taro a Yamai, kowa zai faɗi abin da ke ransa, talaka ne zai zaɓi mai mulkinsa. Jam'iyyu suka fito, kowace da tutarta da waƙarta da zanen da take raba wa mata. Mu da muka saba in mun ga kakin jandarma mu sauka daga hanya, sai ga manya suna durƙusa wa tsofaffi suna roƙon ƙuri'a. Na ji daɗin abin da farko, ba zan ɓoye ba. Wata jam'iyya ta ga Auta ya san ƙauyuka, ya san masu gari, bakinsa na da zaƙi, ta naɗa shi shugaban reshenta. Daga ranar ya zama Shugaba. Keke ya koma jingine a zaure har tayoyinsa suka ruɓe, aka ba shi mota da direba. Ƙofar gidansa ta zama fada, samari da dattawa kan tabarmi tun hantsi, butar shayi ba ta sauka daga gawayi, ana zuba sukari da hannu ba da cokali ba. A cikin gida turmi ya yi shiru. Farar shinkafa ce buhu-buhu, da taliya, da mai na jarka da ake zubawa har ya taso saman miya, da dunƙulen ɗanɗano a madadin daddawa. Da safe burodi da madarar gwangwani mai kauri. Ya sayi firiji, lemon kwalba ya zama ruwan shansa. Zogalen da ya tarar a gidan ya sa aka sare, wai yana tara sauro.

Kuma ya yi jiki. Wuya ya cika, kumatu suka sauko, tumbi ya turo riga. Kowa ya gan shi sai ya ce, "Masha Allah, Shugaba ya murmure, hutu ya karɓe shi." A wurinmu ƙiba ita ce shaidar lafiya, a siyasa kuma ita ce shaidar jam'iyyarka na da ƙarfi. Wa zai bi ramammen shugaba? Mutane na cewa wanda bai ƙosar da kansa ba ina zai ƙosar da gari. Inna ta tsufa sosai lokacin, ya ɗauko ta daga ƙauye. Takan sa ya zauna kusa da ita ta shafa damtsensa tana hawaye, tana cewa, "Alhamdu lillahi, ɗan da na ƙirga ma haƙarƙari." Ta rasu da farin cikin nan, ba ta ga abin da ya biyo baya ba, ina gode wa Allah da hakan.

Abin ya fara da ƙishirwa. Sai ya shanye kwalba ya nemi wata, bakinsa na bushewa yana magana. Ba ya gama hira bai tashi ya kewaya ba. Wata rana na shiga makewayin gidan na tarar kiyashi sun yi baƙi ƙirin a inda yake tsuguno, na share su, washegari suka dawo. Sannan jikin da ake yabo ya fara zubewa, yana ci kamar da, ko fiye, amma babbar riga ta fara rataya a kafaɗa. Nan fada ta rikice. Ba wanda ya ce ciwo ne. Kowa ya san 'yan wata jam'iyya sun ga ya fi ƙarfinsu, jifa ce suka yi masa. Aka shiga karɓo rubutu, ana dama shi da zuma. Matarsa, baiwar Allah, ta duƙufa wajen mayar masa da jikinsa kafin abokan gaba su lura. Kunun gyaɗa da madara da sukari da safe, fura da sukari da hantsi, shinkafa da mai da rana, in ya ce ƙishi a buɗe masa lemo mai sanyi. Duk wanda ke sonsa da abin zaƙi yake zuwa dubiya. Ana ta zuba masa abin da ke cinsa, kowa da zuciya ɗaya.

Sai da idonsa ya fara hazo, ya kasa gane mutum daga bakin zaure, ya yarda muka je gidan likita, ni da shi da direba, ba da sanin fada ba. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, dattijo ne marar yawan magana. Ya sa aka auna fitsari da jini, ya tambayi abin da yake ci daga safe zuwa yamma. Auta na lissafawa da ɗan alfahari, majo na girgiza kai.

"Alhaji, ba wanda ya jehe ka," in ji majo. "Sukari ne ya yi yawa cikin jininka. Ciwon ga ba ya warkewa, amma ana zama da shi har tsuhwa in an kiyaye. Ga ƙwayoyi za ni ba ka, sai dai ƙwaya ita kaɗai ba ta iyawa. Ka bar lemo, ka bar sukari cikin shayi da hura. Shinkahwa da burodi ka rage su ƙwarai. Ka koma ma tuwon hatsi da ba a surhe shi tas ba, kaɗan, da wake, da ganye mai yawa. Ka riƙa tahiya da ƙahwa. Kuma ka kiyayi ƙahwahunka, ko ƙaya ta soke ka, ka zo."

"Wane ganye?" in ji Auta.

"Zogale, tahwasa, rama, yakuwa. Abin da innarku ta ba ku."

Auta ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. A mota ya ce, "Yaya, kin ji? Duk gudun da na yi, wai in koma inda na hito. In mutanena suka gan ni da ƙwaryar tahwasa, gobe 'yan adawa za su sa ta cikin waƙa. Su ce jam'iyya ta karye, Shugaba ya koma cin ganye."

Na ce, "To su sa. Waƙa ta taɓa kashe mutum?"

"Ba ki san siyasa ba."

"Na san haƙarƙarinka. Ni na goye su, ga su nan suna son hitowa kuma."

Ya kau da kai. Amma da muka tsaya ƙofar gidana, ina sauka, ya riƙe gefen mayafina ya ce a hankali, "In za ki kawo, ki ruhe shi. Kada kowa shi gani."

Haka muka yi. Kullum da hantsi in kwaɗa ganye, in dafa wake, in tuƙa ɗan tuwon gero mai duhu irin na Inna, in zuba a kwanon samira mai fure, irin wanda ake kai wa manya shinkafa, in ɗaure da kyalle. In ratsa ta cikin fada ana gaishe ni, "Sannu Yayar Shugaba, yau mi aka soya muna?" In yi murmushi in wuce. Matarsa ta sani, ita ke tsaron ƙofar ɗaki. A can ƙurya, bayan labule, mutumin da ɗaruruwa ke yi wa tafi yake zama ya ci tafasa kamar wanda ya sato ta. Ranar farko yana kai loma baki ya runtse ido, na ga maƙogwaronsa na ƙin karɓa. Ya haɗiye da ƙyar. Neman ganyen ma ya zama aiki, don gonaki sun cinye dajin da muke tsinka, sai na bi ƙauyuka ina tambayar tsofaffi ko suna da busasshe a tulu, suna mamakin me yayar mai mota za ta yi da shi. Shayi kuwa matarsa ta koyi dafa masa nasa daban a cikin gida babu sukari, in an miƙo na fada ya taɓa leɓe ya ajiye.

Kuma Allah da ikonsa abin ya karɓe shi. Ƙishirwa ta ragu, hazon ido ya fara washewa, kiyashi suka bar makewayi. Ƙibar ba ta dawo ba, amma ƙarfi ya dawo, har yakan fita da sassafe ya zaga bayan gari da ƙafa, yana cewa gona ya je dubawa. Wata rana na same shi ya suɗe kwanon yana lasar yatsa. Ya kalle ni ya ce, "Yaya, ƙuli-ƙulin ga ya yi kaɗan yau." Na zauna na yi ta dariya har da hawaye. A raina na ce mun tsira. Fada kuwa ta ce rubutu ne ya karya jifa.

Sai zaɓe ya matso, aka shiga yawon ƙauyuka. Wanda bai san garuruwanmu ba ba zai gane abin da ya faru ba. A wurinmu in baƙo ya sauka aka kawo masa abinci ya ƙi ci, abu biyu ne, ko ya raina mai gida ko yana zargin an sa masa wani abu. Ga lokacin da kowa ke maganar jifa da sammu. Kowane ƙauye suka shiga, talakawan nan da su kansu tuwo da miyar kuka suke ci sun haɗa ƙarfi sun dafa farar shinkafa da mai, sun aika yaro a keke ya sayo lemo, don ba a tarbar Shugaba da abincin gida. Mai gari da kansa zai buɗe kwalba ya miƙa masa da hannu biyu, jama'a sun yi da'ira suna kallon bakinsa. In ya ajiye, ya rasa garin. Kafin rana ta faɗi sun shiga ƙauye nawa, kowanne da kwalbarsa da tirensa. Na ba direba kwanona ya tafi da shi, ya dawo mini da shi a ɗaure yadda na ba shi, ya ce babu inda Shugaba zai ɓuya ya ci.

Na tare shi wata safiya yana sa hula. Na ce, "Auta, ka hwaɗa musu gaskiya. Ka ce likita ya hana ka. Wa zai ji haushin marar lahiya?"

Ya ce, "In na ce ina da ciwon da ba ya warkewa, wa zai zaɓe mu? Ki yi haƙuri, Yaya. In an gama zaɓe, wallahi har zogale za ni dasa a tsakar gida, kowa shi gani."

Na ce masa abin da ya zo bakina, ba na maimaita shi nan. Ya yi murmushi kawai ya fita, makaɗa na jiransa.

A yawon nan ne sabon takalmi sau-ciki da ya saya don taro ya goge masa ɗan yatsa. Bai ma ji ba, don ƙafar ta fara mutuwa. Ya ci gaba da sa takalmin, shugaba ba ya hawa dandali da silifa. Da aka gama zaɓe, jam'iyyarsu ta ci yankin, ana ta guɗa da harba bindiga, shi yana kwance ƙafa ta kumbura ta yi baƙi, ɗaki ya ɗauki wari. Muka koma wurin majo, ya duba, ya ce a wuce Maradi yau ɗin nan. A Maradi likitoci suka ce sai an yanke. Manyan jam'iyya suka zo da manyan riguna suka ce a dakata, akwai mai magani a wani ƙauye wajen Sae Sabuwa da ke cire jifa daga ƙafa, ba a yanke wa Shugaba ƙafa ana shirin raba muƙamai. Aka dakata, aka kai shi can. Da aka komo Maradi abin ya riga ya hau jini. Suka sallamo mu gida.

A kwanakinsa na ƙarshe ba ya son komai sai kwaɗona, ko loma ɗaya ce. Ba ya kuma cewa in rufe. Safiyar da ya cika na kwaɗa masa zogale, na sa ƙuli-ƙuli da yawa yadda yake so, ina shiga lungunsu da kwanon a ka na ji kukan matarsa.

An yi masa jana'izar da garin bai saba ganin irinta ba. Motoci har bakin kasuwa. Aka kafa tukwane, shinkafa da mai da nama, aka jera akwatunan lemo, masu ta'aziyya suna ci suna sha suna yabon kirkinsa. Ni ina zaune cikin mata, kwanona na gefena, ban san ma ban ajiye shi ba. Wata yarinya mai rabon abinci ta ɗauka ta kwance kyallen, ta ga abin da ke ciki, ta yi turus. Kafin la'asar labari ya zaga gidan, an gano abin da Yayar Shugaba take kai masa a ɓoye. Ina ji da kunnena wata dattijuwa a bayana, ba da mugunta ba, da tausayi ma take faɗa, ta ce, "Allah sarki. Ashe shi ya sa ya lalace. Mutum da jikinshi, da hutunshi, a mai da shi cin ganye kamar shekarar yunwa? Da an bar shi da shinkahwarshi da yanzu shina nan." Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Matarsa ta buɗe baki za ta yi magana, kuka ya ci ƙarfinta. Da wa zan yi gardama, kowace da kwalbar lemo a hannu?

Shekaru sun shuɗe, gwamnatoci sun hau sun sauka, soja sun koma sun sake fita, waɗanda suka hana a yanke ƙafar sun canza jam'iyya sun sake canzawa. Yanzu kowane lungu akwai mai ciwon sukari, kowane gida akwai mai shan ƙwayar hawan jini, yara kanana suna karyawa da lemon leda da biskit, in ka ba su kwaɗo su yatsine fuska. A rediyo kuma ana ta wa'azin a ci ganye a ci wake, kamar wani sabon abu aka gano. Har yau a Agiye akwai tsofaffin da in na wuce suke nuna ni da baki, waccan ce ta ramar da ƙanenta. Ban yafe wannan maganar ba, kuma ba na jin zan yafe.

Ranar jana'izar nan, da magariba ta kawo jiki, mutane suka fara watsewa, na ɗauki kwanona na ɗaure kyallen na koma gida. Ba wanda ya taɓa shi, ko yaran da ke wawar ragowar shinkafa ba su kalle shi ba. Inna ba ta koya mana zubar da abinci ba. Na zauna bakin ƙofar ɗakina na buɗe, na cinye shi tas, ina ci hawaye na zuba a ciki. Ganyen nan nake ci har yau. Ni na girmi Auta, ni na goye shi, ga ni nan da ƙafafuna biyu ina zuwa kasuwar Cadawa.